Rufa-Asiri

Na'urar ba ta fi ƙwayar wake girma ba, amma ga ta a allon asibiti maƙale a hanjin Malam Jatau, tana ƙyafta jar wuta. Cikinsa ya kumbura kamar ganga.

Rufa-Asiri ake kiranta. Hanji dai kullum cikin motsi yake, yana matsewa yana saki, yana tura abinci da iska zuwa mafita. Ita kuwa da ta ji iska ta taru, sai ta kwantar da hanjin, ta tsotse iskar a hankali. Rabin mutanen Sabuwar Dala sun haɗiye ta don gudun kunya. Malam Jatau ya haɗiye ne don alwalarsa ta daɗe, kuma don ɗansa Lawandi ne ya ƙera ta.

Yanzu ta daina tsotsa, amma ta ƙi sakin hanjin.

"Kashe ta," in ji Kulu, yayar Lawandi, shugabar nas-nas a asibitin.

"Yaya, ba a kashe guda ɗaya. Hasumiya ɗaya ke juya su duka. In na kashe, gari gaba ɗaya zai..."

"Zai yi tusa! Faɗi mana, Injiniya, ko bakinka ma ka sa masa na'ura? Mu nan in aka yi wa mutum tiyata, ita muke jira mu yi hamdala. Kai ka tashi ka mai da ita laifi."

"Kamfani zai rushe."

"Hanjin ubanka zai fashe. Zaɓi."

Lawandi ya dubi tsohon, wanda kunya ta hana shi ko nishi a gaban 'ya'yansa. Ya ɗora yatsa a allon wayarsa, ya latsa.

Hasumiya ta mutu. Cikin jiragen sama, majalisa, kasuwar bene ta Kurmi, garin ya saki abin da ya riƙe. Ta taga ana jin salati da dariya.

Kulu ta kafa abin sauraro a cikin mahaifinta. Ta matsa dama. Ta matsa hagu. Shiru.

"Na kashe fa," Lawandi ya ce. "Me ya sa hanjin bai motsa ba?"

"Shekaru kana hana shi aikinsa, ya manta." Ta fizge birkin gadon, ta tura shi zuwa ɗakin tiyata. "Matsa min daga hanya."