Mazarƙwailar Kallamu da Rawanin Sarkin Zaƙi

A zamanin Baba Bubayero, Sarkin Hausawan Anacha, a ƙarshen daminar shekarar da sojoji suka yi juyin mulki har sau biyu, Allah ya karɓi ran Sarkin Zaƙi na zango. Sarauta ce ƙarama, amma mai riƙe da ita shi ke faɗin abin da za a zuba a kokon suna da kunun azumi da shayin fada, kuma duk kayan zaƙin da ya sauka zango sai ya ɗanɗana kafin a wuce da shi Kasuwar Ochanja. An daɗe ana ba da labarin abin da ya biyo baya a karkace, ana dariya inda bai kamata ba. Tunda an rasa wanda ya fi ni iya baki, ni zan miƙe shi.

Mutum biyu suka fito neman rawanin. Na fari Kallamu Yero, dillalin mazarƙwaila da zuma, wanda kayansa ke zuwa daga ƙasar Zazzau. Dogo ne mai son babbar riga, ba ya wuce madubin aski bai gyara hula ba. Na biyu Idi Indabawa, mai ɗauko sukarin kwali daga Fatakwal, mutum shiru-shiru wanda Kallamu ke kira Farin Banza.

Ba a kai ga naɗi ba ƙasa ta rikice. Jiragen ƙasa suka fara sauke mutanen Gabas da suka tsero daga Arewa da raunuka da labaran kisa. Gari ya ɗauki zafi, maƙwabcin da kuke gaisawa jiya yau ya kau da kai. Aka ce duk baƙo ya koma ƙasarsu. Sarkin Zango, wato Baba Bubayero, ya yi ta fafutuka har ya samo babbar mota ɗaya, ta wani direba mai suna Nwafo, wanda ya daɗe yana ɗaukar wa mahauta kaya, ya ce ba zai bar abokan cinikinsa a titi ba. Bayan mutane da ƙunshin gari, wurin da ya rage bai wuce na kaya iri ɗaya ba.

Sarki ya tara fada da hantsi. Ya ce, "Hanya doguwa ce, ga yara ga tsofaffi. Wanda kayansa suka ciyar da jama'ata har muka tsallake Kwara muka sami natsuwa, shi ne Sarkin Zaƙi. Kowa ya faɗi hujjarsa."

Kallamu ya faɗi ya yi gaisuwa, ya tashi ya baza hannun riga. "Allah ya ja zamaninka. Mazarƙwaila ruwan rake ce da wuta, ba a cire mata komai ba. Lebura ya gatsa curi ɗaya ya sha ruwa, ya wuni yana dako. Tana da ƙanshi, tana ba koko launi, tana riƙe ciki. Wannan kuwa," ya nuna kwalin Idi da leɓe, "an wanke shi an sake wankewa har ya manta ubansa rake ne. Ka sa a baki, kafin ka ce bisimilla ya ɓace, ya bar ka da ƙishirwa da ciwon haƙori."

Idi ya ce, "Ranka ya daɗe, duk abin da ya faɗa haka ne. Sai dai nawa ba nauyi, ba ya canza ɗanɗanon shayi, kuma a gwangwani yake zama. Nasa gumi yake yi idan ya ji damina."

"Gumi! Namiji ne ai, shi ya sa."

Fada ta yi dariya. Aka kira Iya Hajo mai koko ta dama ƙwarya biyu don a gwada. A nan masu ɓata suna ke cewa Kallamu ya yi maguɗi. Ni dai abin da na sani, ya roƙi a fara ɗanɗana tasa saboda shi ne babba, kuma wani ɗan cokalin zuma ya faɗa cikin ƙwaryarsa lokacin da Hajo ta juya baya. Bakin da ya sha zuma kuwa, sukari ruwa ne a wurinsa. Sarki ya kurɓi ta Idi ya yamutsa fuska, Waziri ya yamutsa tasa don biyayya. Aka ce a loda mazarƙwaila. Idi bai yi musu ba, ya bar kwalayensa a rumfa.

Wajen lodi, Nwafo ya ce a jera buhunan a ƙasa, mutane su zauna a kai. Kallamu ya ce kayan sarauta ba a hawa kansu. Aka ɗora su kan katakon da ke saman kawunan jama'a. Direba ya jawo tamfal zai rufe, Kallamu ya riƙe masa hannu.

"A Zazzau ba a rufe ta. Zafin tamfal ke narkar da ita, iska take so."

Nwafo ya dubi sama, da Hausarsa ta tasha ya ce, "Malam, nan ba Zariya ba ne o. Ruwa yana zuwa."

"Oga, kai ka san tuƙi, ni na san kayana."

Ba su bar unguwa da nisa ba sama ta ɓalle. Kafin su kai layin motocin da ke jiran hawa gada, ruwa ya ratsa buhunan kaba. Sai rana ta buɗe da zafi. Ɗigon farko a kan rawanin Waziri ya sauka. Daga nan abin ya zama kamar indararo: ruwa ja-ja mai duhu, mai kauri, yana bin fuskoki da wuyan riguna, yana manne zane da benci. Ƙudaje suka yi ayari. Kallamu ya miƙe yana tare dukiyarsa da tafin hannu, yana cewa a lasa kar a yi asara, Sarkin Fawa yana rantsuwa zai yanka shi in sun sauka.

Sai mota ta tsaya. A gaba, wasu samari masu adduna sun gindaya katako, suna sauke mazan da ke cikin motoci. Waɗanda aka sauke ba a ga sun dawo ba. Ɗaya ya taka taya ya leƙo cikin motar. Abin da ya gani: mutane jiƙe da ja tun daga ka har ƙirji, ƙudaje sun rufe su, tsoho a kishingiɗe ido rufe, don Sarki ya rufe ido ne saboda danƙo. Nan take Hajo ta ɗora hannu a ka ta ƙwalla kururuwa irin ta gidan mutuwa. Mata suka amsa. Yara, da ma kuka suke nema, suka ɗauka. Saurayin ya diro yana kau da fuska, ya ce wa 'yan uwansa an riga an gama da waɗannan. Aka janye katako.

A ƙetaren Kwara, wajen Asaba, suka yada zango bakin ruwa. Mata suka yi ta wanki, Kallamu yana tsaye yana kallon jarinsa na bin Kwara. Buhunan da aka sauke babu komai ciki sai kaba mai danƙo. Yara suna kukan yunwa, ga gari ga ruwa, babu abin da zai sa su haɗiye. Sai Idi ya zaro gwangwanin biskit daga ƙarƙashin rigarsa, ya miƙa wa Hajo. A bushe ƙwayoyin sukarin suke, farare tas.

Da la'asar Sarki ya zauna kan tabarma mai ɗanshi, ya sa a kawo rawani. Kallamu ya zube a gabansa.

"Allah ya ba ka nasara, wa ya tsallakar da mu? Da sukarin Farin Banza ne a sama, da yanzu ana yi mana salla!"

"Allah ne ya tsallakar da mu, sai maƙogwaron Hajo."

"To da me ta yi kukan? Da kayana!"

Sarki ya daɗe yana ɓamɓare danƙo daga gemunsa. Sa'an nan ya ce, "Kallamu, cewa na yi wanda ya ciyar da jama'ata. Ban ce wanda ya shafe su ba."

Aka naɗa Idi Indabawa a wurin, babu kalangu babu algaita.

Haka magabata suka riƙe labarin, kuma haka mulki yake: yana tuna wanda ya cika masa ciki, yana manta wanda ya ɓata masa riga ko da rigar ce ta fanshi wuyansa. Bayan yaƙin basasa ya ƙare zango ya sake cika, mazarƙwaila ta daɗe ba ta sauko Kudu ba, sukarin Sarki Idi kaɗai ake samu. Kallamu ya dawo da babbar rigarsa ɗaya. Kullum da safe yakan zauna a bencin Hajo, ta ɗaga ƙwayar sukari ta ce, "Mai ceton jama'a, in jefa?" Shi kuwa sai ya gyara hula ya kau da kai. Har ya koma ga Mahaliccinsa, lami yake shan kokonsa.