Mayafi a Idon Kadangare

Da la'asar sakaliya Mai Hoto ya ɗauki kyamararsa ya zaga lambun bayan gida. Tun da matarsa ta rasu, wata bakwai ke nan, ba shi da wani aiki sai wannan. Lambun nata ne. Ita ta dasa lemo da na'a-na'a, ita ke ban ruwa. Yanzu ciyawa ta cinye rabinsa, sai 'yan ƙananan kadangaru ke shan rana a kan bulon da ta kewaye shukar da shi.

Bawan Allahn nan shekara talatin yana ɗaukar fuskokin mutane a shago, amma ba shi da hoton matarsa ko ɗaya na kirki. Da ya ɗaga kyamara sai ta ja mayafi ta rufe fuska tana dariya, ta ce, "Kai dai Mai Hoto, je ka nemi aikin yi." Ga shi yanzu fuskar ta fara ɓace masa. Abin yana cin ransa, kuma babu wanda zai gaya wa, don 'yarsu Auta tana aure a nesa.

Ɗaukar hoton kadangare sai mai haƙuri. Ka yi rub da ciki, ka kafa gwiwar hannu a ƙasa, ka riƙe numfashi, ba motsi ba waiwaye, har idon ɗan abin ya cika gilashin kyamara. Wata rana yana zuƙo hoto a ɗaki ya ga wani abu cikin ƙwayar idon. Ga shi nan shi kansa a kwance, ɗan mitsitsi. A bayansa kuma, gindin lemo, ga mace tsaye da shuɗin mayafi.

Irin mayafinta.

Da mai hankali ne, da ya bar lambun nan. Ina! Washegari ya koma. Ta matso kaɗan. A rana ta huɗu ta wuce randar ban ruwa. Kowane hoto tana ƙara kusantowa, fuskar ce dai ba ta fito ba. Ya ce a ransa, saura taku biyu in gan ta.

Auta ta kira shi a waya. "Baba, muryarka ta canza. Kana cin abinci kuwa?"

"Ina ci, 'yar albarka," ya ce. Bai gaya mata komai ba.

A rana ta bakwai ya makara, sai gab da magariba ya kwanta. Ɗan kadangare ya hau bulo. Wani ya biyo shi, wani ya biyo, har suka fi ashirin a jere. Ba shi suke kallo ba. Bayansa suke kallo, suna gyaɗa kai a tare.

Tsuntsayen kan lemo suka yi tsit.

Ƙanshin na'a-na'ar da aka taka ya bugi hancinsa. Busasshen ganye ya yi ƙaras. Ya sake yin ƙaras.

Bakin mayafi ya shafi wuyansa.

"Mai Hoto."

Muryarta ce sak. Hawaye suka cika masa ido. Yatsansa ya danna, ƙyas.

"Juyo mana," aka raɗa masa. "Na buɗe fuska. Ɗauke ni."

Duk zamansu, matarsa ba ta taɓa cewa a ɗauke ta ba.

Bai juya ba. Ya kama addu'a. Ƙofar kicin na gabansa. Ya ja ciki ta kan bulo, kadangaru na watsewa a ƙarƙashin ƙirjinsa.

Hannu mai sanyi ya cafki idon sawunsa.

Ya fizge, takalmi ya tafi. Ya faɗa kicin, ya banko ƙofa, ya sa sakata.

A waje aka yi dariya. Ba tata ba ce.

Kwana uku ya yi yana zazzaɓi kafin Auta ta zo ta tafi da shi gidanta. Aka sare lambun, takalmin kuwa ba a gan shi ba. Kyamarar ma ya bar ta. Katin hotunan kawai ya cire, ya ajiye cikin gwangwanin zaren marigayiya. Hoton ƙarshen nan har yau bai buɗe shi ba. Ya san fuska ta fito a ciki, bai dai san ta wace ce ba. Wani lokaci da yamma, in gida ya yi shiru, yakan ɗauko katin ya jujjuya a tafin hannu, ya daɗe yana kallo, sannan ya mayar ya rufe.