Satar Gida

"Maimaita abin da kika ce, Auta."

Tana tsaye a tsakiyar falon Yayanta, hannuwanta har yanzu a sama. A talabijin 'yan wasan wannan ƙasa da suke baƙunta suna rungumar juna, mai tsaron gidan ƙasar su Auta kuwa yana kwance rub da ciki. Falon cike da abokan Yaya, babu mai motsi.

"Ban ce komai ba, Yaya..."

"'Mun ci' kika ce. Su wane ne mu?"

Ta sauke hannu a hankali. Ita kanta ba ta san lokacin da kalmar ta kuɓuce mata ba. Mai aski, abokin Yaya da yake ta aiko mata turare tana mayar masa, ya ɗaga wayarsa yana murmushi.

"Ai na ɗauka," in ji shi. "Baba zai so ya ga yadda 'yarsa ta waye."

Baba ne ya koya mata ƙwallo, tana ƙarama, kanta a cinyarsa, rediyo a tsakaninsu. Da ta biyo Yaya ƙasar nan ba ta jin yaren kowa. A shagon wanki da guga inda take aiki, da nuni ake ba ta umarni, ta wuni cikin tururi ba ta ce uffan ba. Wata safiya a bas tana kallon wasa a waya, ta manta inda take, ta ce, "Ba shi mana, ga shi a buɗe!"

Direban ya kalle ta ta madubi. "Ba zai ba shi ba, marowaci ne."

Shi ne Gola. A nan aka haife shi, Hausarsa ta iyayensa ce, ta ɗan karkace. Shi ya fara kai ta filin wasa, inda wata tsohuwar da ba ta taɓa gani ba ta rungume ta da aka zura ƙwallo. Ranar ce ta fara jin ƙafarta ta taɓa ƙasa. Yanzu ya nemi aurenta, Baba bai ce e ba, bai ce a'a ba. Yaya kuwa cewa yake duk wadda ta auri haifaffen nan ta ɓata.

Washegari ta kasa tsayuwa wuri ɗaya. Ta goge hannun riga, ta sake goge shi. Ta duba waya, ta kife ta, ta sake dubawa. Da azahar Gola ya leƙo ta ƙofar baya, da rigar aiki a jikinsa.

"Rabin raina, kin ci abinci kuwa?"

"Mai aski ya tura wa Baba hoton."

"Na ji. To ki ce 'sun ci' kika ce. Da hayaniya a hoton, wa zai tantance?"

"In fara zama da kai da ƙarya?"

"Gara ki rasa ni da gaskiya?"

Ta jingina da injin wanki, yana girgiza bayanta.

"Ba ka gane ba. Da mai tsaron gidanmu ya faɗi raina ya ɓaci, kuma hannuna yana sama. Ka ji? Na sake cewa namu... Ni kaina ban san wadda zan ce wa Baba ita ce ni ba."

Bai kai ga amsawa ba wayar ta yi ƙara. Baba.

Ta shige tsakanin rigunan da aka rataye, ta ɗauka da hannu biyu.

"Baba, ina wuni..."

"Lafiya lau. An turo mini hoto. Ke ce?"

Ta waiga. Gola yana girgiza mata kai, yana roƙo da ido.

"Ni ce, Baba. 'Mun ci' na ce. Ba kuskuren ji ba ne."

Ta duba ko layin ya katse.

"Da aka kawo mahaifiyarki," Baba ya ce a hankali, "ta daɗe tana cewa 'gidanku', 'rijiyarku'. Kullum ina ganin kamar da safe zan tarar ta ɗaure kaya. Ranar da na ji ta ce wa maƙwabciya 'akuyarmu ta shiga gonarku', ranar hankalina ya kwanta."

Hawaye suka zubo mata.

"Tun da kika tafi muryarki kamar ta mai jiran mota a tasha. Jiya na ji ta zauna. Ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye miki ba. Amma ta zauna."

"Baba, ban bar ku ba..."

"Na sani. Shi mai askin, ki ce ya riƙe almakashinsa. Direban yana kusa?"

Ta miƙa wa Gola wayar. Ya goge tafinsa a wando kafin ya karɓa, ya durƙusa a kan siminti kamar Baba yana ganinsa.

"Ranka ya daɗe."

"Yaro, ƙwallon da kuka ci mu jiya satar gida ce."

Gola ya kalli wasan jiya, ya san ba satar gida ba ce. Ya kalli Auta.

"Baba... a gafarce ni, ƙwallon halal ce."

Auta ta dafe kai.

Sai dariyar tsohon ta cika wayar, har da tari.

"Halal ce, na gani da idona. To ni ma ba a yi mini satar gida. Ka turo manyanka, su shigo ta ƙofa."