Hannun Da Baba Ya Ce Bai Sani Ba

"Dube ni, Tartsatsi... Kai ka yi shingen nan?"

Bai dube ni ba. Ya ci gaba da goge bakin injin walda da tsumma, abin da ba ya bukatar gugar komai. Tartsatsi nake ce masa tun yana koyon aiki a shagon Babana, kuma saura wata biyu a ɗaura mana aure.

Filin bayan unguwarmu na kowa ne. Nan yara ke ƙwallo, nan mata ke shanya, nan Baba ke zagayawa da sandarsa tun da hasken walda ya cinye masa idanu. Da aka ji za a sayar wa kamfanin haƙar ma'adinai, unguwa ta tashi tsaye. Masu sana'a suka yi rantsuwa ba mai taɓa musu ko ƙusa, wanda ya taɓa kuwa ba gaisuwa, ba ciniki. Sai ga mota ta sauke shingen ƙarfe haɗaɗɗe, aka kewaye filin.

Tartsatsi ya ce a wani shago can nesa ya haɗa shi, ba wanda ya gan shi. Wai ko bai yi ba wani zai yi, wai don mu samu ɗakin kanmu ne.

"Rabin raina, wa zai sani? Baba ai ba ya gani..."

Wallahi da ya mare ni da ya fi mini sauƙi. Amma ina son sa, sai na koma gida da maganar a ciki.

Ranar da unguwa ta yi taro don gano wanda ya haɗa shi, aka cika bakin shingen maƙil. Mai kantin kusa da mu ya ce ai ga Baba, maigidan masu walda, ba maƙerin garin nan da bai san ɗinkin waldar hannunsa ba, a bar shi ya shafa. Ni na kama hannun Baba na ɗora a kan ƙarfen.

Ya bi ɗinkin da yatsa a hankali. Ya kai ƙarshe, ya dawo farko. Na ga leɓensa ya motsa.

"Ban san hannun nan ba," ya ce.

Jama'a suka watse da gunaguni, wai daga wani gari aka kawo. Ni kuwa tun da na yi wayo ban taɓa jin Baba ya yi ƙarya ba, ko ta wasa.

Muka bi doguwar hanya tunda an toshe tamu. Hannunsa na kan kafaɗata. Sai da muka kusa gida ya ce aikin ya yi kyau, ko guduma ba za ta fasa shi ba, shi ya koya wa Tartsatsi haka.

"Baba, ka yafe masa... saboda ni ya yi."

"Na yafe, uwata. Da na faɗa, da ba zai ƙara cin abinci a garin nan ba. Amma na tsaya a gaban mutane na ce ban san shi ba." Ya numfasa. "Daga yau sai maganar ta zama gaskiya."

Tartsatsi na tsaye a ƙofar gidanmu yana jira. Ya durƙusa har ƙasa ya ce, "Maigida, barka da dawowa."

Baba ya lalubi ƙofa da sandarsa ya shige. Na tsaya hawaye na zuba, ina kallon mutumin da nake so yana durƙushe... sai na ji sandar ta bugi bokiti a tsakar gida. Na bi Babana ciki.