Tsokar da ke Kwanon Kaka

A wani gari an yi wata tsohuwa mai jika ɗaya. Yaron ba ya girma, ba ya son abinci, gyambon ƙafarsa kuma ya ƙi warkewa. Sa'ansa kuwa, ɗan maƙwabciyarta, kullum sai ƙara tsawo yake.

Tsohuwa ta ce a ranta, "Ba banza ba, matar nan ta sa wa jikana hannu."

Ta leƙa ta zana yau, ta leƙa gobe, ba ta ga laya ba. Rana ta uku ta ga an miƙa wa ɗan maƙwabciyar kwano, sai ta faɗa gidan.

"Na kama ki! Me kike ba shi?"

Maƙwabciya ta ce, "Nama ne da wake, Inna. Malamar asibiti ta ce suna da sinadarin zinki, mai taimaka wa yaro ya girma, ciwo ya warke. Naki me yake ci?"

"Tuwo da romo. Yaro ya saba da nama, ai sai ya koyi sata."

"To naman wa ke ci?"

Tsohuwa ta juya ta fita. Da ta koma gida ta tsamo tsokar da ke kwanonta, ta daɗe tana kallonta, sannan ta sa a na jikan.