Sunan Mai Rufin Ganga

Ranar Asabar da hantsi Nanase ta fara ganin Kohei, a ajin koyon Turanci da ke saman wani shagon burodi kusa da tashar jirgin ƙasa ta garin Himeji. Ya shigo a makare, ya sunkuya ya ba da haƙuri, ya zauna kusa da ita yana ɓoye hannayensa a ƙarƙashin tebur kamar wanda ya ɗauko kayan wani.

Malama Briony, Baturiyar da ke koyar da su, ta rubuta "find out" a allo, ta ce ma'anarsa mutum ya bi abu har ya gano gaskiyarsa. Daga nan ta haɗa su bibbiyu, ta ce kowa ya gano wani abu game da abokin zamansa kafin mako ya zagayo.

Nanase ba ta san kwana-kwana ba. Ta ce ita abin da take son ganowa shi ne dalilin ɓoye hannun nan. Ya ɗora su a kan tebur, duk sun yi kanta. Ya ce rufin ganga suka gada, tun daga kankare fatar saniya har ɗaure ta, can unguwar bakin kogi. Ya faɗi sunan unguwar yana kallon cikin idonta, don ya saba ganin yadda fuskoki ke sauyawa in an ji shi, saboda tun zamanin dā ana ƙyamar masu aikin fata da unguwarsu.

Tata fuskar ko gezau. Cewa ta yi aikin gida ba ya cika sai an gani da ido.

Ta kuwa je. Tun daga bakin ƙofa warin ɗanyar fata ya tare ta, ta toshe hanci ta gaya masa gaskiya, wurin nan yana wari. Kohei ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce ita ce ta farko da ta faɗa a gabansa, saura sai sun juya baya. Ranar ta yini a kan wani ɗan benci tana kallonsa yana jan igiya yana buga fata yana saurare, ta koma gida zuciyarta ba tata ba.

Da yamma saƙonsa ya shigo: "Malama mai bincike, me kika gano?"

Ta mayar masa: "Na gano Mai Ganga bai iya haɗa shayi ba. Zan dawo in ƙara bincike."

Haka abin ya soma. Turancin dai bai yi wani nisa ba, amma soyayya ta yi.

To, Nanase ita kaɗai ce wurin mahaifinta, dattijo Tsujimoto, mai shagon shinkafa na kaka da kakanni, wanda kuma shi ke kaɗa babbar gangar unguwarsu duk bikin kaka. A wajenmu miji da mata sunan gida ɗaya suke ɗauka, gidan da babu ɗa namiji kuwa suruki ake kawowa ya ɗauki sunan gidan, don kada ya ɓace. Dattijon ya riga ya yi wa kansa zaɓi, wani Masaru ma'aikacin banki, mai ladabi kamar ya kwanta a taka, a shirye yake ya ajiye sunan ubansa tun kafin a tambaye shi. Sau ɗaya Nanase ta ci abinci da shi, ta dawo ta ce wa babanta ita tana da wanda take so.

Sai dattijon ya tura ƙanwarsa, Gwaggo Fumie, ta je ta tambayo asalin yaron.

Ana ta cewa an daina wannan ɗabi'a. Ina aka daina? An dai koyi yin ta a ɓoye ne. Gwaggo Fumie ta ɗauki kwalin alewa ta shiga unguwar bakin kogi gida-gida, tana murmushi tana tambayar sana'ar kaka da ta kakan kaka, ko an taɓa haɗa aure da wasu daga waje. Mutanen unguwar sun san irin wannan murmushin tun zamanin iyayensu. Kafin ta kai tasha labari ya isa kunnen mahaifiyar Kohei, tsohuwar ta zauna ta yi kuka.

Saƙon da ya turo wa Nanase gajere ne: "Ashe binciken bai ƙare ba. Da kin tambaye ni da kanki, ba sai an sa Mama kuka ba. Ki huta."

Ta kira, bai ɗauka ba. Ranar Asabar kujerarsa a aji babu kowa. Ran Nanase ya ɓaci iyakar ɓaci, ta bar darasi a tsakiya ta hau jirgi. Ta same shi durƙushe a kan fata, ta tsaya a kansa ta wanke shi tas. Ta ce ita da ta yini tana shaƙar warin nan don son ransa, ita ce za ta aiko mai kwalin alewa? Daga nan ta wuce ciki, ta durƙusa gaban mahaifiyarsa, goshi a ƙasa, ta nemi gafara a madadin gidansu.

Da ta fito ya riƙo hannunta. "Ki yafe mini, Nana. Tsoro ne ya kama ni."

"Na yafe, Mai Ganga. Amma ka sake ƙin ɗaukar wayata ka gani."

Da dattijo Tsujimoto ya ga 'yarsa ba ta da niyyar sauka, sai ya aika a kira masa Kohei. Aka zauna har da Nanase, aka zuba shayi. Ya ce shi ba mugu ba ne, ya kuma ji yaron ba shi da abin zargi. Zai ba shi Nanase, da shagon, da gidan. Abu ɗaya yake so: ya bar fata, ya ɗauki sunan Tsujimoto, kada a ƙara jin sunan gidansu na Kuwahara ko na unguwar bakin kogi a gidan nan, don jikokinsa su tashi babu mai yi musu kallon banza.

Kohei ya sunkuyar da kai. Wallahi tausayi ya ba ni a nan, don yana sonta son da zai iya yarda. Har ya buɗe baki, Nanase ta riga shi.

"In ka ce to, ba zan aure ka ba."

Ta juya ga mahaifinta, ba ta sauke ido ba.

"Baba, tun ina goye kake kaɗa gangar unguwa, ana tafa maka. Fatar da kake duka hannun irin su ne ya kankare ta. Gangar ta isa ta shiga wurin bauta, mai yin ta bai isa ya shigo gidanka da sunansa ba? Ni zan ɗauki nasa. In bincike kake so, ka daina aika Gwaggo, ka je da ƙafarka."

Dattijon ya ce in ta fita da wannan suna kada ta dawo. Ta sunkuya ta gode masa da renon da ya yi mata, ta haɗa jakarta ta koma wurin wata ƙawarta. A hanya ta yi kuka mai isarta, amma ba ta waiwaya ba. Suka sa ranar aure bayan bikin kaka, suka aika masa gayyata, bai amsa ba.

Ana nan, wata rana tana wurin aiki saƙon Kohei ya shigo: "Nana, Babanki ya zo. Ya toshe hanci irin yadda kika yi. Yana zaune a bencinki tun rana."

Ta rubuta: "Kada ka ba shi shayinka, za ka ɓata mana komai."

Dattijon ya yini yana kallo, ya tafi ba ko sallama. Daga nan shiru, har ranar aure.

An taru a wurin bautar unguwar bakin kogi, dangin ango sun cika gefensu, gefen amarya daga ƙawaye sai Malama Briony. Nanase ta ci ado cikin fararen kaya tana ta satar kallon ƙofa. Sai ga dattijo Tsujimoto ya shigo, Gwaggo Fumie na biye da shi kai a ƙasa, shi kuma riƙe da sandunan kiɗansa. Ya wuce kai tsaye ya sunkuya wa mahaifiyar Kohei, ya daɗe bai ɗago ba. Sannan ya tsaya gaban sabuwar gangar da ango ya rufe da hannunsa, ya kaɗa ta har sai da gumi ya jiƙa masa riga.

Da ya gama ya zo gaban 'yarsa yana haki.

"Nanase Kuwahara," ya ce, a hankali, kamar mai koyon sabuwar kalma. "Allah ya ba ku zaman lafiya. Ki kawo mini jikoki in koya musu kiɗa, ubansu ya koya musu rufi."

Ta faɗa jikinsa tana kuka, kwalliyar duk ta ɓaci, Kohei na tsaye gefe da hannayensa a fili kowa yana gani.