Kuɓewar da Aka Bar wa Iri

Shamsiyya na tsakar gida tana tankaɗen garin dawa aka yi sallama, aka ajiye kwando a zaure, aka ce saƙon Sirajo ne zuwa ga Baba. Ta ɗauko shi tana murmushi, domin magabatan Sirajo sun riga sun kawo gaisuwa, sa rana kawai ake jira. Da ta ɗage ganyen da aka rufe kwandon da shi sai murmushin ya ɓace. Kuɓewa ce manya-manya, kowace kamar ƙahon akuya, a gindin ɗaya kuma ga guntun jan tsumma. Ita ta ɗaura tsumman da hannunta.

Lambun yana bayan masallacin unguwarsu a Gidan Dare. Tun da liman ya yi huɗuba a kan ruwan alwala da ke malalewa kwata a banza, jama'a suka ja masa magudana zuwa filin baya. Mahaifinta, Malam Ladan, manomi daga ƙauyen Kwalkwalawa da ya dawo birni, shi ke koya wa maza aikin lambu. Ita kuma tana koya wa matan Islamiyya, zana ce ta raba ɓangarorin biyu. Ba a sayen iri a lambun, ba a sayen takin zamani. Mafi kyawun tsiro ake ɗaura wa tsumma a bar shi ya bushe a tsaye, don shukar baɗi. Sirajo kuwa ɗan mahauta ne daga Ƙofar Dundaye, shi ke kawo musu kashin shanu da abin cikin tumbi a baro, a binne ya ruɓe. Garin kawo takin ya ganta.

Malam Ladan ya ɗauki kuɓewa ɗaya ya lanƙwasa bakinta, ta ƙi karyewa.

"Ta wuce miya, ba ta kai iri ba," ya ce, ya mayar da ita a hankali.

Ya sa aka kira Sirajo zaure, Shamsiyya ta laɓe bayan ƙofa. Yaron bai ɓoye komai ba. Ya ce ya ga sun fi kowace girma amma ana ta wuce su, shi ne ya ce bari Baba ya ci mafi kyau. A gidansu, wadda ta fi ƙiba ita ke fara ganin wuƙa.

"Mu kuma ita muka bari," in ji Malam Ladan. "Irin ga daga hannun uwata yaf fito, kuma hakkin duk masu lambu ne. Wanda bai san abin da aka aje ma gobe ba, ƙaƙa zan ba shi ɗiya?"

A ranar aka dakatar da maganar aure. Shamsiyya ta shige ɗaki ta yi kuka har idonta ya kumbura. Labari ya isa Ƙofar Dundaye da zafinsa. Ashatu, mahaifiyar Sirajo, ta ce ba a taɓa fasa aure a kan kayan miya ba; dama raina sana'arsu aka yi, aka rasa hujja. Ta ce mata ba su ƙare a Sakkwato ba.

Iyatu, mahaifiyar Shamsiyya, ba ta yi musu da mijinta ba. Sai da ya huce ta kwance wani tsohon ƙulli daga ƙasan tulu, ragowar irin bara, bai cika tafin hannu ba. Ta ce yaron kuskure ya yi ba mugunta ba, kuma jahilci magani gare shi. Malam Ladan ya daɗe yana kallon irin. Daga ƙarshe ya yanke: a ba Sirajo fangali ɗaya a lambun, ya shuka irin, ya rena har ya bushe. Kafin nan babu zance, babu waya.

Shamsiyya ta bi umarnin. Amma fangalin Sirajo yana jikin zana, ta kafar zanar kuma tana ganin yadda yake kwarara masa ruwa kamar mai wanke nama. Zuciyarta ta kasa ɗauka. Ta juya ga ɗalibanta ta ɗaga murya, ta ce ruwa da yawa ruɓar da saiwa yake yi, a tura yatsa cikin ƙasa kafin a ɗauki bokiti. Can bayan zana aka ji an ajiye bokiti. Da ƙwari suka kama ganye, lacca ta koma kan toka da ruwan ganyen dogonyaro. Matan suna ƙunshe dariya a mayafi.

"Iyatu," in ji Malam Ladan wata rana yana cin tuwo, "matan Islamiyyar ga kurame na?"

Iyatu ta ce ilimi ne, wanda Allah ya ba kunne sai ya ji. Ya ci gaba da cin tuwonsa, bai hana laccar ba.

Kuɓewar ta yi fure, ta soma 'ya'ya. A lokacin ne Ashatu ta zo da kanta ganin abin da ya raba ɗanta da teburin nama. Ta zagaya fangalin tana taɓe baki, ta ga ɗanyar kuɓewa lu'u-lu'u, ta miƙa hannu za ta tsinka. Shamsiyya tana leƙe ta bayan zana. Sirajo ya durƙusa a gaban uwarsa.

"Inna, ki yi min gafara. Wagga ba tamu ba ce tukuna, bashin mutane ce."

Fuskar Ashatu ta haɗe. Kafin ta buɗe baki, Shamsiyya ta zagayo da ƙwaryar da ta cika daga nata ɓangaren, ɗanyar kuɓewa da yakuwa da tattasai, ta durƙusa ta ajiye a ƙafarta ba ta ɗaga kai ba. Ashatu ta dubi ƙwaryar, ta dubi yarinyar, ta dubi ɗanta da ke tsugune cikin taɓo. Ta ce tun da ta haife shi ba ta taɓa ganin ya jira wani abu ya nuna ba. Ta ɗauki ƙwaryar, ta ce a gaishe da Iyatu.

Da kwansunan suka bushe har suna ƙara in iska ta kaɗa, Sirajo ya kawo su masallaci bayan sallar Juma'a. Malam Ladan ya fasa ɗaya a tafinsa, baƙaƙen 'ya'ya suka gangaro, cikakku. Ya sa Sirajo ya bi masu lambu ɗaya bayan ɗaya yana ba kowa rabonsa da hannunsa. Da aka gama, ya ɗebi ragowar ya zuba masa a aljihu.

"Wanga na gidanku na, kai da ita. Ka ce ma magabatanka su zo."

Da yamma Iyatu ta kai wa Shamsiyya labari a madafa. Shamsiyya ta rufe fuska da hannu, hawaye na bin yatsunta, tana dariya.

Haka aure yake, haka noma yake: ba duk abin da ya yi kyau a ido ake sa wa wuƙa ba. Wanda ya iya barin mafi kyawun abinsa don gobe, shi ake ba amana, kuma mai haƙuri da umarnin iyaye ba ya girbe nadama.